Daɓen Aaltje Wiersema

Aaltje Wiersema ba ta iya tafiya a hankali ba. Ta yi shekaru tana tuƙa bas tsakanin garin Veendam da ƙauyukan da ke kewaye, har jikinta ya ɗauka cewa duk wanda ya tsaya ɓarnar lokaci yake yi. Ko bayan ta yi ritaya, in muka fita kasuwa tare sai ta ba ni rata, ta waiwayo ta ce, "Maƙwabciya, ƙafafun nan na aro ne? Ɗaga su mana." Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da nata, a jerin gidajen haya masu jan bulo, kowa da ɗan lambunsa a baya. Na same ta a layin nan, kuma ba ta taɓa ɓoye wa kowa cewa ba ta da niyyar barinsa ba.

Mijinta, Wubbo, mutum ne da bai taɓa zaɓar ko launin labule ba, uwarsa ke zaɓar masa. Ita ce ta zaɓi kafet ruwan ƙasa da aka shimfiɗa musu tun suna amare, Aaltje kuwa ta yi ta taka shi tana haɗiye magana. Wubbo ya rasu, furannin jana'iza ba su gama bushewa ba ta sa wuƙa ta yanyanka kafet ɗin, ta ɗora a bayan keke ta yi ta jigila zuwa juji. Matan layi suka yi ta ƙus-ƙus. Ita dai ta tafi ta zaɓi daɓen katako, abu na farko a gidan da ba ta nemi shawarar kowa a kansa ba.

Irin katakon nan ne da ake haɗawa hawa-hawa: sama fatar itace ta gaske, ƙasa matsattsen katako, kowane falle da harshe a gefe guda da tsaga a ɗaya gefen, a tura wannan cikin wancan ya kama. Shi ƴan haya suka fi so, tunda daɓe naka ne, ba na ƙungiyar da ke ba da gidan ba. Siminti ka tarar, siminti za ka bari. Ranar tashi sai ka ɗaga daɓenka falle-falle ka tafi da shi yadda za ka tafi da gadonka.

Ita da ɗanta Harm suka shimfiɗa shi, falo da ɗakin cin abinci da ɗakin kwananta na ƙasa. Harm a lokacin ya gama koyon aikin lantarki, yana ji da ƙarfi, yana ji da cewa shi ne namijin gida yanzu. Shi ɗaya ta haifa. Ta sha ba ni labarin makon nan, yadda suka yi ta faɗa a kan wanda ya yanke falle ya gajarce, yadda suka zauna a kan kwalaye suna cin soyayyen dankali da hannu. Kamar yadda duk mai hankali ke yi, ta sayi ƙari daga zubi ɗaya, don ranar da wani wuri zai lalace. Kwali uku suka ragu. Harm ya saɓa su ya hau da su ɗakin ajiya na ƙarƙashin rufi.

Daɓen ya tsufa tare da ita. Rana ta dafa shi ya koma ruwan zuma, ƙafar kujera ta bar masa tabo a nan, farcen kare a can. Ba ta yarda a taka shi da takalmi. Har likita in ya zo sai ya tuɓe a ƙofa.

A bazarar da ta wuce ta je wajen ƙanwarta a Zwolle ta yi ƴan kwanaki. Bututun injin wanke kwanuka ya tsage a bayanta, ruwa ya bi ƙarƙashin katako shiru-shiru. Da ta dawo, daga bakin kicin zuwa teburin cin abinci duk ya kumbura, gefuna sun tashi kamar ɓawon burodi. Ta goge ta buɗe tagogi, tana cewa zai kwanta. Bai kwanta ba. Wata safiya ta taho da butar kofi da saurin nan nata, gefen falle ya kama mata safa, ta kife ta karya wuyan hannu.

Ni na ji ihunta na kai ta asibiti, Harm ya iso kafin a gama ɗaure ta. Na gan shi, fuskarsa ta yi fari fat. Wannan tsoron na gaskiya ne, kuma ina so a riƙe shi, domin shi ya sa abin da ya biyo baya ya yi wuyar ganewa.

Da aka dawo gida ta ce masa, "Kai yaro, hau sama ka sauko min da kwalayen nan. A cire ruɓaɓɓun a sa sababbi, magana ta ƙare."

Tsanin ɗakin ajiyar irin mai naɗewa ne, ita kuwa rabonta da hawansa tun da gwiwa ta fara ba ta wahala. Harm ya hau. Muka ji yana jan kaya, yana tari saboda ƙura. Ya daɗe. Ya sauko yana kakkaɓe wando.

"Mama, babu komai fa. Kayan ado na Kirsimeti ne, sai akwatunan Baba."

"Kwali uku? Fukafukai suka yi?"

"Anya ba mu ƙarar da su a ɗakin kwana ba? An daɗe fa, Mama."

Aaltje mace ce da ta san sunan kowace tasha daga nan zuwa bakin iyaka, amma ranar na ga ta tsaya tana tambayar kanta ko ƙwaƙwalwarta ce ta fara zuba. Harm ya ga haka, ya sa mata ruwan shayi a wuta.

Ni na riƙa kai ta shaguna, tunda hannu a ɗaure ba ta iya keke. Muka ɗauki guntun ruɓaɓɓen falle a jaka muna nunawa. A shagon da ta saya tun farko, mai shagon ya juya shi ya juya, ya ce, "Uwargida, wannan ai kamfanin ya daina yinsa tuntuni. Na yanzu sun fi faɗi, harshen ma an sake masa siffa, ba zai shiga tsagar naki ba."

"To ka nemo min wanda zai shiga."

"In na ce zan samo na yi miki ƙarya. Sai dai ko wani ya ajiye ragowa a gareji."

Muka bi shafukan masu sayar da tsofaffin kaya. Wani ya ce yana da shi, muka je har Assen, ashe kauri ya bambanta. Wata ta aiko hoto, launi ya yi, faɗi bai yi ba. Aaltje ta jera samfura a falo kamar mai duba, tana kallonsu da safe tana kallonsu da yamma, babu wanda ya yi kama da nata ko da a cikin duhu.

A nan Harm ya fara magana, kuma bai fara da ƙarfi ba. Yakan zo da miya a roba, wadda matarsa Marjolein ta dafa, ya zauna ya kalli kumburarren wurin ya girgiza kai.

"Tunda ba a samu ba, dole duka a ɗaga, Mama. In kuwa za a ɗaga duka, a fitar da kaya, a yi wannan wahalar, me zai hana a yi ta sau ɗaya?"

"Sau ɗaya kamar yaya?"

"Sababbin gidajen nan na bakin ruwa. Babu tsani, babu lambun da za ki yi ta durƙuso, akwai ƙararrawa a banɗaki."

"Gidan tsofaffi."

"Ba haka ake kiransu ba."

"Ai jaki ma in an sa masa sirdi ba a kiransa jaki."

Ya yi dariya, ya sumbace ta a goshi. Mako na gaba ya dawo da labarin cewa akwai ɗaki da ya fito, yana kallon ruwa, amma ba zai jira ba. Ya ce kada ta damu da daɓen, shi zai ɗaga shi da kansa ya kwashe, ba sai ta kira kowa ba. Wata rana na leƙa ta taga na gan shi a durƙushe da tef ɗin awo a falonta. Na ɗauka yana auna kujeru ne, ya ga ko za su shiga sabon wurin.

Aaltje ta fara sanyi. Karaya tana koya wa mutum abin da shekaru suka kasa koya masa. Ta daina ba ni rata a hanya. Wata yamma muna zaune a lambu, kusa da itacen fiya da ta dasa shekarar da aka haifi Harm, ta ce, "Wataƙila yaron nan yana da gaskiya. Wadda ta manta kwali uku, gobe tukunya za ta manta a wuta." Ta yanke shawarar cewa za ta ba ƙungiya sanarwar tashi a ƙarshen wata.

Kafin ƙarshen watan aka yi bikin ranar haihuwar Marjolein. Ni na kai ta, aka ce in zauna. An jera kujeru a zagaye a falon gaba yadda aka saba, muka bi kowa muna ba da hannu muna taya shi murnar ƙarin shekarar Marjolein, aka kawo kofi da kek, daga baya cuku da tsiran alade a faranti. Iyayen Marjolein na nan, da maƙwabta, da wani abokin aikin Harm mai yawan surutu. Shi ne ya ce, "Harm, yaushe za mu sha giya a sabon ɗakin naka? Tun hunturu kake mana alkawari."

Harm ya ce, "Bai kammalu ba. Ƙura ce kawai a ciki."

Sun yi ƙarin gini a bayan gida, ɗaki mai ƙofar gilashi zuwa lambu. Aaltje ta san da shi, amma duk zuwan da ta yi ƙofar a rufe take. Da ta tashi zuwa banɗaki na bi ta don in riƙe mata jaka. Ba kuskure ta yi ba, ta san gidan. Tsayawa ta yi a gaban ƙofar, ta ce, "Bari in ga ƙurar nan," ta murɗa.

Babu ƙura. Ɗaki ne mai haske, an yi masa fenti an gama. Daga ƙofar gilashi an fara shimfiɗa katako, layi bayan layi, an taho da shi kaɗan, sai aka tsaya. Layin ƙarshe na nan da harshensa a waje yana jiran na gaba. Sauran ɗakin duk shimfiɗar soso ce da ake sa wa a ƙarƙashi, an riga an yanke ta an daidaita har bango. Katakon fari ne, bai taɓa ganin rana ba. Amma faɗin nata ne, zanen nata ne, kuma a kusurwa an jingina kwalaye uku da aka warware, da rubutun hannunta a jiki, sunanta da na layinmu.

Ta durƙusa da gwiwar nan mai ciwo, ta sa yatsa ta bi harshen katakon. Sai ta ɗaga kai ta auna sauran ɗakin da ido, daga nan zuwa bango, daga bango zuwa bango. Ta yi shekaru tana shigar da bas cikin lungu, idonta ba ya kuskuren faɗi.

Ta ce, "Falona da ɗakin kwana. In an cire ruɓaɓɓun, daidai zai isa."

Ta koma cikin zagayen ta zauna a kujerarta. Ta ɗauki guntun cuku ta tauna ta haɗiye. Sannan ta ce, da muryar da take sanar da tasha, "Marjolein, daɓen naku ya yi kyau."

Marjolein ta yi murmushi har kunne. "Au, kin gani, Ma? Harm ya ce in bari sai an gama. Mun gode fa ƙwarai. Da ya ce min kin ba mu, har na ce anya, yadda kike ji da shi."

"Yaushe na ba ku?"

"Ai tun hunturu ya kawo kwalayen. Sauran kuma ya ce in kin tashi." Sai ta kalli mijinta, murmushin ya fara sauka.

Tun hunturu. Ruwa bai zuba ba sai bazara.

Harm ya ajiye kofinsa. "Mama, ba a nan ba."

"A ina? A saman rufi, inda kake tari?"

"Suna can suna shan ƙura shekara da shekaru! Ba wanda ya taɓa su. Na ce in gwada in ga yadda za su yi, in faɗa miki daga baya."

"Sai na ce ka sauko da su."

"Na riga na yanke wasu! Me zan ce miki, kina zaune da hannu a ɗaure?"

"Sai ka ce min na tsufa na manta."

Abokin aikin nan ya miƙe ya ce zai duba ko ruwan sama ya ɗauke. Uwar Marjolein ta shiga tattara faranta da ba a gama ci ba.

Harm ya ce, "Faɗuwa kika yi, Mama. Da maƙwabciya ba ta gida fa? Don katako kike ganin nake so ki tashi?"

"Ban sani ba. Kai ka sani?"

Ni dai ina ganin bai sani ba ɗin. Na juya abin a raina sau da yawa. Ba na jin Harm ya taɓa zama ya ƙulla cewa zai fitar da uwarsa daga gida don ya samu daɓe. Ya ɗauki kwalaye kamar yadda ɗa ke buɗe firjin uwarsa, yana ganin abin da ya sa hannu ya shimfiɗa rabinsa nasa ne. Ya fara aikin, ya ga ba zai isa ba, ya je shago aka faɗa masa abin da aka faɗa mana, tun kafin mu. Daga ranar ya san wuri ɗaya ne a duniya da ke da sauran katakon ɗakinsa. Da ruwa ya zuba, kunya ta sa ya yi ƙarya, ƙaryar kuma ta buɗe masa hanya, tsoro ya raka shi a kanta. Kowace miya da ya kawo da ƙauna ya kawo ta. Tef ɗin awon kuma yana aljihunsa.

A mota ba ta yi kuka ba. Mun kusa gida ta ce, "Da ya tambaye ni, da na ba shi. Har na falon. In zauna a kan siminti in ji daɗi." Can kuma ta ce, "Abin da ya sani ke nan. Shi ya sa bai tambaya ba. Ba ya son in riƙa zuwa gidansa ina cewa a tuɓe takalmi."

Harm ya yi waya ya ce zai ɗaga abin da ya shimfiɗa ya dawo da shi. Ta ce ya riƙe. Ba ta ba ƙungiya sanarwar tashi ba. Ta kira wani mai aikin daɓe, Roelf, wanda a da take ɗauka a bas kullum in zai tafi aiki. Ya zo ya duba, ya shiga ɗakin kwana, ya ce a ture gado. Katakon da ke ƙarƙashi lafiya lau yake, bai kai na falo duhu ba amma zai kamo.

Roelf ya ce, "A kwashe na ɗakin nan a cike falo, ki sa darduma a nan. Amma sai na ɗaga tun daga bango har wurin da ya ruɓe, haka irinsa yake, ba a zare shi ta tsakiya."

"Tunda za ka ɗaga, ɗaga duka. In za ka mayar, sa masa gam."

Ya cire hula ya sosa kai. "Uwargida Wiersema, in na manne shi da siminti, ba ya sake fita da rai. Ranar tashi ƙungiya za ta ce a kankare, da kurfi da guduma, guntu-guntu. Aikin da ko maƙiyi ba a yi wa fatansa."

"Ba ni zan kankare ba."

"Kin tabbata?"

"Roelf, na taɓa wuce ka a tasha?"

Ya manne shi. Wurin da aka cike yana nan da ɗan haske a gaban kicin, in ka san inda za ka duba. Ɗakin kwananta kuwa darduma ce a kan siminti, sanyi na ratsowa da safe, ba ta taɓa yin ƙorafi ba.

Harm ya zo bayan an gama, da furanni. Ya tuɓe takalmi a ƙofa, ya taka falon, ya tsaya. Katakon da aka ɗora kawai yana ɗan lotsawa a ƙarƙashin ƙafa, yana da amo. Wannan ya yi tsit kamar dutse. Ya danna da diddige, ya matsa ya sake dannawa. Aaltje na kallonsa daga kicin.

Ta ce, "Kofi?"

Ya ce, "E, Mama."

Yana zuwa duk Lahadi har yanzu. Suna maganar yanayi da ƙwallo da makarantar yara. Ba ya ambatar gidajen bakin ruwa, ita ba ta tambayar ɗakin baya, wanda na ji an shimfiɗa masa tayil.

A hunturun nan ƙanƙara ta kwanta a lambu. Da hantsi na ji ana buga katanga da wani abu, na zaga na same ta zaune a ƙasa kusa da kwandon shara, tsintsiya a hannu, leɓenta ya fashe, ta kasa tashi. Wayarta na cikin aljihun rigarta, kuma lambar Harm ce ta farko a ciki. Na ɗaga ta na shigar da ita, na wanke mata fuska. Babu karaya, amma ƙugunta ya yi baƙi har mako biyu.

Na ce, "Bari in kira shi."

Ta riƙe min hannu da ƙarfin da ban san tana da shi ba. "Maƙwabciya, in ya zo ranar Lahadi, ƙofar kabad ce ta buge ni."

Ranar Lahadi ta shafa hoda ta zauna tun kafin ya iso, don kada ya ga yadda take tafiya.